Shata da Ƙasar Auduga: Daga Dandalin Musawa Zuwa Kaset

Kudancin Katsina ƙasar noma ce tun fil azal. Daga Malumfashi a gangaro Ƙafur da Bakori da Ɗanja, a iso Funtua, a karkata yamma zuwa Faskari, ƙasa ce mai laka, damina kuma ta fi ta arewacin masarautar tsawo da yalwa. Dawa da masara da auduga duk suna yi. Tun kafin Bature ya tako ƙasar Hausa mata na kaɗi a tsakar gida, masaƙa na saƙa, fatake na ɗaukar tufa su kai kasuwanni masu nisa. Abin da Turawa suka ƙaro bayan sun ci Katsina a 1903 shi ne sikeli da jirgin ƙasa, kuma waɗannan biyu su suka sake wa yankin kama.

A 1902 masu masaƙu a Ingila suka kafa wata ƙungiya ta bunƙasa noman auduga, wadda aka fi sani da BCGA, don su rage dogaro da audugar Amurka. Sun sa rai ƙwarai da Arewacin Nijeriya. Da jirgi ya isa Kano a 1911 sai manoman can suka ba su kunya, suka rungumi gyaɗa. Amma a arewacin Zazzau da kudancin Katsina da gabashin Sakkwato auduga ta sami gindin zama. Aka shigo da iri ɗan asalin Amurka mai suna Allen, aka buɗe gonar iri a Daudawa cikin shekarun 1920, aka kafa injin gurza a Funtua, Malumfashi ma ta sami nata. Layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua, ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Funtua da a da ba ta kai Maska suna ba sai ga ta ta zama tasha, ta zama kasuwa, ta zama matattarar baƙi daga kudu da arewa.

Kuɗin auduga lokaci guda suke shigowa, bayan kaka, in an buɗe kasuwannin awo. Manomi ya kawo kayansa a duba a ba shi lamba, a ɗora a sikeli, a ƙirga masa tsabar kuɗi, ya biya haraji, abin da ya saura ya yi aure ko ya aurar. A kewayen wannan sikeli wasu sababbin mutane suka tsiro: malamin auduga, ejan kamfani, ɗan kamasho, mai kanti, ma'aikacin En'e, ma'aikacin reluwe, direban babbar mota da yaransa. Suna da kuɗi a aljihu, suna kuma son a ji sunansu. Sai dai taushi da kotso da tambari kayan fada ne, ba a buga wa talaka komai dukiyarsa. Makaɗin fada kuma na ubangida ɗaya ne, kamar yadda Narambaɗa ya tsaya ga Sarkin Gobir na Isa, Sarkin Taushi ya tsaya ga Sarkin Katsina. Akwai kasuwa ke nan da ba mai ci. A ganina duk wanda bai kalli wannan gurbi ba, ba zai gane yadda aka yi mawaƙi Shata, ɗan ƙauyen Musawa, ya cika Arewa ba.

Haihuwa da suna

Masu rubuta tarihinsa sun tsaya a kan 1923 a matsayin shekarar da aka haifi Muhammadu a Musawa, arewa da Malumfashi, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ƙiyasi ne irin na mutanen da aka haifa lokacin da ba a rubuta haihuwa a ƙauye, an dai auna shi da abubuwan da dattawa suka tuna. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa Lariya, wadda aka ce 'yar Tofa ce ta ƙasar Kano. Gidan Fulani ne, ba su gaji kiɗa ba, ba su gaji roƙo ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani, domin sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan mahauci ya yi fawa, ɗan makaɗi ya ɗauki ganga. Ɗan da bai gada ba ya shiga waƙa, abin kunya ya jawo wa dangi. Ruwayoyi sun haɗu a kan cewa mahaifinsa ya ƙi abin ƙwarai, ya so ya ga ɗansa a gona ko a kasuwa.

An sa shi makarantar allo kamar kowane yaro, ya yi noma, sa'an nan ya taɓa tallan goro, daga baya ya koma alewa. Daga nan labarin sunansa ya samo tushe. An ce in ya sayar da goro sai ya rabar da kuɗin a hanya ya komo gida hannu rabbana, in an tambaye shi ya ce ya yi shata da su, wato ya watsar. Wani ɗan'uwansu da ake kira Baba Salamu ya riƙa ce masa Mai Shata, har sunan ya bi shi. Haka ake faɗa, haka kuma masu tarihinsa suka ji daga bakin mutanen Musawa suka rubuta. Labarin baka ne, amma ya yi daidai da halin da aka san shi da shi har ya tsufa, na mutumin da kuɗi ba sa kwana a hannunsa.

Makarantarsa ta waƙa ita ce dandali. A ƙasar Musawa a lokacin samari da 'yan mata na taruwa da dare in wata ya yi fari, ana kiɗan asauwara, ana gasar waƙa tsakanin saurayin wannan unguwa da na waccan, wannan ƙauye da wancan. Ba a zuwa da waƙa a shirye. Abokin karawa ya jefo maka magana, ka mayar masa nan take cikin kiɗa, in ka yi jinkiri 'yan mata su yi maka dariya. Mai tallan alewa kuma dole ya iya jan hankalin mai saye da baki. Waɗannan biyu suka haɗu suka horar da shi a kan abin da ya zama jarinsa har ƙarshen rayuwa, wato ƙaga waƙa a tsaye. Kafin ya cika shekara ashirin da 'yan kai ya ajiye faranti, ya shiga yawon ƙauyuka da makaɗa.

Bakori, sa'an nan Kano

Wanda ya fitar da shi daga Musawa ɗan sarautar garin ne, Abdullahi Inde, wanda ke aikin En'e a Bakori a harkar sayen auduga da gyaɗa. Shi ya kira shi ya zo ya zauna kusa da shi. A lura da wannan: ubangidansa na farko ɗan sarki ne, amma a bakin sikeli yake cin abinci. Bakori tana kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi, a tsakiyar ƙasar auduga, kuɗi na yawo, motoci na wucewa. A nan Shata ya yi aurensa na fari, a nan ya tsayar da ƙungiya, daga nan kuma ya riƙa kai gwauro ya kai mari tsakanin Funtua da Malumfashi da Katsina da Zariya. Wajen ƙarshen shekarun 1940 ya fara shiga Kano.

Kayan kiɗansa kalangu ne. A al'ada kalangu na mahauta ne da na 'yan mata a dandali, ba shi da wata daraja a ƙofar fada. Amma yana da abin da sauran ganguna ba su da shi: ana matsa tsarkiyarsa a hammata, murya ta hau ta sauka, ta bi karin harshen Hausa kamar mutum ke magana. Shata ya tara masu kalangu da 'yan amshi, ya gina waƙarsa a kan tsari mai sauƙin gaske. Zai ba da amshi, ɗan gajeren layi guda, yaransa su riƙe shi suna maimaitawa ba ƙari ba ragi, shi kuma ya yi ta zuba ɗiya a kai yadda ya ga dama. Makaɗan fada ba haka suke yi ba. Su sukan zauna a gida su tsara waƙa, su yi ta bita da yaransu har kowa ya san inda zai karɓa da inda zai ƙara. Tasu ta fi ado da sarƙaƙiya, wannan ba gardama. Tasa kuwa ta fi sauƙin ɗauka, kuma ana iya yi wa mutumin da aka haɗu da shi yau waƙa yau ɗin nan. Mai wannan tsari shi ke iya cin kasuwar da mutane ke shigowa suna fita.

A 1952, ƙarshen zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi babban bikin nan da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta kimanin goma sha biyu a lokaci guda. Makaɗa sun taru daga ko'ina. Masu tarihin Shata sun ɗauki wannan biki a matsayin ranar da tauraronsa ya fito, domin a nan manyan Kano, 'yan sarki da attajirai, suka ji shi da kunnensu. Daga nan kalangu ya shiga zaurukan da a da ba ya shiga.

Duk da haka bai yarda ya zama na mutum ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa hakimai, ya yi wa Sardauna, amma a bakin nan guda ya yi wa Sarkin Bori Sule, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da mata masu abin hannunsu. Ya yi waƙar yabon Annabi, ya kuma yi waƙar mashaya wadda har yau malamai ba su yafe masa ita ba. Ya yi wa dajin Rugu waƙa, dajin da a yau in an ambace shi sai gaban mutum ya faɗi. In ka jera waƙoƙinsa na shekarun 1950 da 1960 kamar ka buɗe rajistar mutanen da auduga da gyaɗa da mota suka ɗaga ne. Da yawansu ba a rubuta sunansu a wani littafi ba, ba su bar gini ba, jikokinsu ma sun watse, amma Arewa ta san sunansu saboda amshi guda.

A siyasar Jamhuriya ta Farko masu tarihinsa sun ce zuciyarsa ta fi karkata ga NEPU ta Malam Aminu Kano, alhali masu ba shi doki da riga galibinsu 'yan NPC ne. Da wannan saɓani ya rayu, bai kuma taɓa warware shi ba.

Funtua, rediyo da faifai

Wajen 1960 ya tare a Funtua, ya zauna kusan shekara arba'in har rasuwarsa, ko da yake yana da gidaje a Kano da Katsina da Musawa. Zaɓin ya yi ma'ana. Daga Funtua hanya ta rabu uku, ta Zariya da Kaduna, ta Gusau da Sakkwato, ta Malumfashi da Katsina, ga kuma tashar jirgi. Gari ne na baƙi, babu babbar fadar da za ta ce ita ke da shi. Ga ƙasar noma, shi kuma bai taɓa sakin fartanya ba, ya riƙe gonaki, yana kuma yawan kiran mutane su koma gona a cikin waƙa.

Duk abin da ya rera a dandalin Musawa da yawancin na Bakori iska ta tafi da shi, sai ɗan abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Faifan garmaho na wancan zamani minti uku ko kusa da haka yake ɗauka a kowane gefe, mawaƙin da sai ya yi minti goma kafin ya yi zafi kuwa wannan bai ishe shi ko gaisuwa ba. Na'urar da ta yi daidai da shi ita ce tef ɗin gidan rediyo. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna, mai gajeren zango da ake kamawa har Nijar da Gana da Kamaru da Cadi. Ƙaramar rediyo mai batir ta shiga ƙauyuka a daidai wannan lokaci. Shirye-shiryen gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka suka sa waƙoƙinsa a bakin mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Mai rediyo ɗaya a ƙauye, ƙofar gidansa ta zama dandali.

Rediyon nan ta ƙara masa wani aiki. Gwamnati ta gane cewa abin da sanarwa ba ta shigar ba, kalangu na shigarwa. Ya yi waƙoƙin farkar da 'yan Arewa su tashi su nemi ilmi da sana'a. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 ya yi wa soja waƙoƙin ƙarfafa zuciya, ana sa su a rediyo har aka gama a 1970. A Yulin 1969 Amurkawa suka sauka a kan wata da kumbon Apollo 11, Shata ya yi wa kumbon waƙa. Ina ganin wannan waƙa ta fi kowace nuna irin mawaƙin da yake. Babu wanda zai ba shi ko anini a kanta, kumbo ba ya kyautar riga. Labari ne ya ji duniya na yi, ya ga ya kamata manomin Ɗanja da na Ƙafur su ji shi da Hausa, cikin kiɗan da suka saba.

Cikin shekarun 1970 kamfanin EMI ya fitar da manyan faya-fayansa, masu ɗaukar kimanin minti ashirin a kowane gefe. A kansu ne aka sami wasu daga cikin ɗaukar da suka fi tsabtar sauti. Amma faifai kayan masu hali ne, yana son na'ura da allura da wuri mai inuwa, rana na lanƙwasa shi, ƙura na cinye shi. Wanda ya yi juyin gaske shi ne kaset. Kuɗin man fetur sun shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a 1975, rikoda ta cika kasuwa. Direba ya sa a mota, tela ya sa a shago, mai shayi ya sa a tebur. Kowa kuma na iya ɗauka: mai biki ya ajiye rikodarsa a gaban makaɗa ya danna, gobe ya ba abokinsa ya kwafa, jibi ta isa kasuwa.

Ta fuskar ciniki kaset bai yi wa Shata adalci ba, don masu kwafa suka ci riba, dokar haƙƙin mallaka mai ɗan ƙarfi kuwa sai a 1988 aka yi ta, ita ma ba ta hana komai ba a kasuwannin Arewa. Sai dai shi tun asali ba da sayar da faifai yake ci ba. Abincinsa na wurin biki da hannun iyayen gida: kuɗi, riguna, dawaki, daga baya motoci. Kaset ya zame masa sanƙira mara gajiya. Ya kuma tsadar da hajarsa, domin wanda aka yi wa waƙa yanzu ya san ba 'yan biki kaɗai za su ji ba, za a ji a Agadas, a ji a Kumasi, a ji a Makka wurin alhazai.

Wannan ya haifar da wani abu da masu nazari ke fama da shi har yau. Tun da ba rubutawa yake yi ba, ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Amshi na nan yadda yake, amma ɗiyan sai abin da ya zo masa a ranar, da wanda ke zaune a gabansa, da abin da aka ba shi. Bakandamiyarsa, wadda ya yi wa kansa kirari a ciki ya ƙalubalanci sauran mawaƙa ya kuma lissafa yawace-yawacensa, tana da ɗauka fiye da ɗaya, kowace da abin da ta ƙunsa. Mutum biyu sai su yi ta musu a kan wani ɗa, wannan ya ce yana ciki, wancan ya rantse babu, alhali kowa da gaskiyarsa, kaset ɗinsu ne ba ɗaya ba. Shi kansa da aka sha tambayarsa yawan waƙoƙinsa ya ce bai sani ba. Masu ƙiyasi na cewa dubbai.

Abin da ake faɗa

Mutumin da ke buɗe baki waƙa ta zubo ba shiri, dole a yi masa labarai. An ce yana da aljanu masu ba shi waƙa. An ce wanda duk ya yi wa zambo ba ya ƙara yin arziki, wani ma sai ya bar gari. An ce akwai ruwan da yakan je ya gana da mutanen ɓoye. Waɗannan zantukan majalisa ne da tashar mota, ba wanda ya kawo shaida a kansu, kuma shi ma ya iya barin mutane cikin shakka don tsoron na yi masa amfani. Abin da ke tabbas shi ne zambonsa na da dafi. Waƙarsa ta Gagarabadau kaɗai ta isa misali: an daɗe ana gardamar wanda aka yi wa ita, kowane gari da nasa zato, kuma wannan gardamar ita ta ƙara mata tsawon rai. Ba sai da aljani ba, mutumin da aka mayar abin dariya a kowace motar haya daga Funtua zuwa Jos ya riga ya ga ta kansa.

Daura, siyasa da digiri

A 1966 Alhaji Muhammadu Bashar ya hau gadon sarautar Daura, kuma a cikin duk sarakunan da Shata ya yi hulɗa da su babu wanda ya kai shi kusanci. Ya yi masa waƙoƙi, ya yi wa iyalinsa, ya mayar da Daura gida na biyu. Amma ko a nan bai karɓi matsayin makaɗin fada ba. Yakan je ya yi kwanaki ya komo Funtua.

Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ci zaɓen kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, wadda Musawa ke ƙarƙashinta a lokacin, cikin tsohuwar Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, a siyasar jam'iyyu biyu ta zamanin Babangida, ya zama shugaban SDP na ƙaramar hukumar Funtua, kujerar da bai gama wa'adinta ba aka tsige shi. Mutumin da ya saba ya faɗi abin da ya ga dama a gaban sarki, zaman kwamiti ba nasa ba ne.

A waɗannan shekaru ƙasar da ta yi shi ita ma tana sauyawa. A tsakiyar shekarun 1970 aka kawo Funtua ɗaya daga cikin manyan ayyukan raya noma uku na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa, tare da Gusau da Gombe. Taki da sabon iri suka sa masara ta fara ture auduga a gonaki. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, tsohon tsarin kasuwar awo ya watse. Malamin auduga da ejan kamfani suka ja baya, ɗan kwangila da hafsan soja da babban ma'aikacin gwamnati suka zama masu kyautar mota. Waƙar Shata ta bi kuɗin inda suka koma. A nan zan faɗi ra'ayina ko da masoyansa za su ji haushi: da yawa daga waƙoƙin ƙarshen nan ba su kai na tsakiyar rayuwarsa ba. Wasu jerin sunaye ne da godiya, wane ya ba ni kaza, wane ya ba ni kaza, kuma ya yabi masu mulkin da talakan da ke sauraronsa bai ga alherinsu ba. Muryar na nan, iya sarrafa harshen na nan, amma mutanen da ake yabo ba su da ɗanɗanon direba da sarkin bori.

Su kuwa masana tun da wuri suka gane abin da ke gabansu. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan matsayin mawaƙin baka a al'ummar Hausa, ya kuma ɗauki Shata a matsayin abin nazari. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, ɗan makarantar allon da bai zauna ajin boko ba ya zama Dakta. Ya kai kalangu ƙasashen Afirka ta Yamma, ya kai shi Ingila da Amurka. Yaron da mahaifinsa ya ji kunyar sana'arsa shi malaman jami'a suka sa wa hula da alkyabba.

Rasuwa da abin da ya saura

A ƙarshen shekarun 1990 ciwo ya kwantar da shi. An yi jinyarsa a Kano, an kai shi Jidda, ya ɗan sami sauƙi ya dawo. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, mako uku bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula. Aka kai shi Daura aka rufe, kamar yadda ya yi wasiyya, garin ubangidansa Sarki Bashar. Allah ya jiƙansa. Ya bar duniya a daidai lokacin da finafinan Hausa da kiɗan fiyano ke karɓe kunnen matasa, kalangu kuma na komawa gefe.

An yi ƙoƙari a kansa bayan rasuwarsa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah!, Dakta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara kuma ya shafe shekaru yana bin garuruwa yana tattara waƙoƙin da labarin waɗanda aka yi wa su. Ba don irin wannan aiki ba, da yawancin abin da na kawo a sama ya bi tsofaffin Musawa da Bakori kabari.

Sautin kansa ne har yanzu bai sami mai shi ba. A Amurka akwai kiɗan karkara da ya taso daga jihohinsu na kudu, masu noman auduga da taba, irin na su Jim Reeves da Don Williams da gidajen rediyonmu suka daɗe suna sawa. Masu wannan kiɗa su ma sukan yi zancen gona da babbar mota da kwalba da ibada. A birnin Nashbil sun yi wa wannan kiɗa gidan tarihi, faifai da tef na ajiye da ranar da aka ɗauka da sunan waɗanda suka yi kiɗa. Namu kuwa waƙoƙin Shata sun tashi daga kaset sun koma faifan CD, sun koma memori a hannun masu tura waƙa a kasuwa, sun hau YouTube, a kowane zango ana yanke kai ko gindi, ana sauya suna, sauti na ƙara dusashewa. Za ka sami waƙa ka ji daɗinta, amma ba shekara, ba gari, ba sunan mai kalangu ko ɗaya. Tsofaffin tef na gidajen rediyon Kaduna da Kano kuwa, tef ba ya jure zafi da laima har abada.

Mafi yawan abin da ba a taɓa ji ba yana gidajen mutane. A Funtua da Bakori da Malumfashi da Musawa akwai akwatuna da ke ɗauke da kaset ɗin da wani ya ɗauka da rikodarsa ranar bikin ƙanwarsa ko naɗin sarautar kawunsa, ɗauka guda tilo da babu irinta a duniya. Mai karatu, in akwai irin wannan a ɗakin mahaifinka, kada ka bari yara su zare zaren su yi wasa da shi. Ka kai a juye maka a kwamfuta, ka ba sashen Hausa na jami'ar da ta fi kusa da kai kwafi, sa'an nan ka zauna da dattijon da ya halarci bikin tun yana da rai, ka rubuta garin, da shekarar, da sunan wanda aka yi wa.